Attarugu a cikin hunturu: Makonni 6 da ke yanke farashin miya daga Kafanchan zuwa Abuja

Ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara, yayin da jama'a ke tururuwa zuwa Kagoro domin bikin Afan, sanyin asuba yakan sauko daga kan duwatsu ya lulluɓe Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Hazo yakan rufe gari, leɓɓa su tsage, tsofaffi su kewaye wuta suna jiran rana ta ɗaga. A irin wannan safiya babu mai tunanin tukunyar miyar watan Yuni. Amma a cikin waɗannan makonni ne ake yanke hukuncin ko ma'aikacin da ke zaune a Nyanya ko Kubwa zai sayi attarugu da sauƙi a tsakiyar shekara, ko kuwa zai tsaya gaban mai kayan gwari yana ƙirga ƙwaya huɗu a kan kuɗin da a da yake cika masa leda.

Abin da ya haɗa sanyin Janairu da tsadar Yuni shi ne ƙwayar iri. Attarugu ɗan ƙasar zafi ne, ba ya tsira a cikin ƙasa mai sanyi. Manomin da ya iya lallaɓa shi ya fito a cikin hunturu zai riga kowa dashe, ya kuma riga kowa shiga kasuwa a lokacin da kayan miya suka yi ƙaranci.

Giɓin da ke tsakanin rani da damina

Duk mai yin cefane a Abuja ya san yadda shekarar kayan miya take juyawa. Daga Janairu zuwa Afrilu kasuwanni sukan cika da tumatir, tattasai da attarugu na noman rani daga Kano, Jigawa, Katsina da arewacin Kaduna. Da zafin bazara ya tsananta, ruwan madatsu ya ja baya, sai lambuna su fara mutuwa. Amfanin damina kuwa ba ya isowa da yawa sai wajen Agusta da Satumba. Watannin Mayu, Yuni da Yuli su ne giɓin, kuma a cikinsu ne kwando ke ninka kuɗinsa a Dei-Dei da Zuba, har zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas.

A 2024 giɓin ya yi faɗin da magidanta ba za su manta ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar, shekara guda bayan Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci a Yulin 2023. Gidaje da dama sun koma ga busasshen barkono da daddawa, wasu matan suka riƙa haɗa karas da kabewa domin miya ta yi ja.

Kudancin Kaduna na da abin da zai iya rage wannan giɓi. Damina tana sauka a can tun Afrilu, makonni da dama kafin ta kankama a Zariya ko Kano, kuma ruwan ya fi yawa. Akwai ƙoramu da fadamu da ba sa ƙafewa da wuri, irin ruwan da ke zuba a Matsirga kusa da Kafanchan. Ga kuma kusanci da kasuwa: motar da ta ɗauki kaya da asuba, ta bi ta Kwoi zuwa Keffi, za ta sauke shi a Abuja kafin azahar. Kafanchan dai tun 1927, lokacin da ta zama mahaɗar layukan dogo na Fatakwal, Kaduna da Jos, garin fitar da amfanin gona ce.

Akwai wani dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. A daminar 2023 annoba ta afka wa citta a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu, ta ruɓar da gonaki tun kafin a kai ga haƙa. Iyalan da suka gaji noman citta kaka da kakanni, suke biyan kuɗin makaranta da shi, suka wayi gari babu amfani babu iri. Wanda ya ɗora ƙwansa duka a kwando ɗaya ya ga abin da ya gani. Attarugu ba zai maye gurbin citta ba, amma amfani ne da ake tsinka mako bayan mako na tsawon watanni, yana kawo kuɗi a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Abin da ƙwayar iri ke nema

Asalin barkono da danginsa daga nahiyar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake. 'Yan kasuwar Fotugal ne suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka bayan tafiye-tafiyen ƙarshen ƙarni na 15, ya shiga tukwanenmu har muka manta baƙo ne. Attarugu ɗan gida ɗaya ne da nau'in da ake kira habanero a Meziko. A ma'aunin yaji da masanin haɗa magunguna Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, wannan dangi yakan kai daga 100,000 zuwa 350,000, alhali tattasai mai zaƙi yana ƙasan ma'aunin.

Yana kuma cikin waɗanda suka fi jinkirin tsira a dangin. Ƙwayarsa ta fi son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan ɗumi takan fito cikin mako guda zuwa uku. Idan ɗumin ƙasa ya sauka ƙasa da 20, fitowar takan ja lokaci, ta zo a rarrabe. Idan ya sauka zuwa 15 ko ƙasa da haka, sai ƙwayar ta yi kwance a cikin danshi, ta sha ruwa ba ta motsa ba, har ta ruɓe ko tururuwa su kwashe ta.

A nan hunturun kudancin Kaduna ke yaudarar mutum. Da rana akwai zafi sosai, amma dare da asuba na Disamba da Janairu sukan sauka kusa da digiri 15, a gindin duwatsu da wuraren da suka doshi tsaunin Filato kuma sukan fi haka sanyi. Jos, wadda ke kimanin mita 1,200 sama da teku, takan ga daren da ya sauka ƙasa da digiri 10. Manomi zai yi yafi a fili, ya yi ban ruwa da yamma kamar yadda ya saba, ya jira mako uku bai ga komai ba, sai ya ce an sayar masa da mataccen iri. Sau da yawa irin lafiyarsa ƙalau. Ruwan yamma ne ya haɗu da iskar dare ya sanyaya bedin har gari ya waye.

Yadda mutanen ƙasashen sanyi ke yi

A Ingila, Jamus, Kanada da arewacin Amurka, masu sha'awar noman barkono suna fama da wannan matsala fiye da mu nesa ba kusa ba. Lokacin ɗuminsu gajere ne, attarugu kuwa yana bukatar watanni kafin ya nuna. Don haka sukan shuka shi a cikin ɗaki tun Janairu ko Fabrairu, ƙanƙara na zuba a waje. Suna zuba iri a ƙananan tire masu gurbi-gurbi, su ɗora a kan wata tabarma mai aiki da lantarki wadda ke ɗumama ƙasa daga ƙasa, su rufe da murfin roba domin riƙe danshi. Da tsiro ya leƙo sai su cire murfin, su kunna fitilu na musamman a kusa da kansa na awa 14 zuwa 16 a kullum, wasu har da ƙaramar fanka domin kara ya yi ƙwari. Bayan makonni 8 zuwa 10, idan sanyi ya wuce, su fara fitar da shi waje kaɗan-kaɗan kafin dashe.

Hotunan waɗannan ɗakuna masu shuɗin haske sun cika YouTube da Facebook, kuma matasanmu da dama suna kallon su da sha'awa. Sai dai kafin mutum ya tura kuɗi a sayo masa fitila, ya kamata ya raba abubuwa biyu da Bature ke saye: ɗumi da haske. Haske yake saye domin a Landan ranar Disamba ba ta kai awa 8 ba, kuma mai rauni ce. A Kafanchan ranar da ta fi gajarta a shekara ta haura awa 11, kuma ko da hazo ta fi ƙarfin fitilar ɗaki. Ƙwayar attarugu ma ba ta bukatar haske kafin ta tsira. Abin da ya rage mana mu nema shi ne ɗumin dare.

Lissafin wuta ma ya isa ya sa a yi tunani. Fitila mai wat 40 da ke ci awa 16 a kullum za ta sha kusan yunit 27 a cikin makonni 6. A farashin naira 225 da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin ya kai kimanin naira 6,000, kuma fitila guda tire biyu ko uku kawai za ta haskaka. Hekta ɗaya da aka dasa da tazarar santimita 60 tana cin tsiro fiye da 27,000. Babbar tambayar ma ita ce a wane ƙauye na Jama'a, Kaura ko Zangon Kataf ake samun wutar awa 16 a jere. Fitila tana da amfani ga ma'aikacin da ke zaune a bene a Garki, wanda ba shi da tsakar gida sai taga. Ga manomin Kagoro kuwa, kashe kuɗi ne a kan abin da Allah Ya ba shi kyauta.

Ɗumi daga abin da ke tsakar gida

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a raba aikin gida biyu. Kwanakin farko, kafin tsira, iri na iya kwana a ɗaki. Ana jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi na dare ɗaya, a shuka shi a zurfin da bai wuce rabin santimita ba a cikin tire, tsohon kwano mai huji, ledar ruwa da aka yanke ko kiret ɗin ƙwai. Da rana a fitar da shi ya sha ɗumi, kafin magariba a rufe shi da buhu a shigar da shi ɗakin girki, inda bangon murhu ke riƙe zafi har dare ya raba. Kada a ɗora shi dab da wuta, domin zafin da ya wuce kima shi ma kisa yake yi. Ranar da aka ga farin kan tsiro ya fara lanƙwasowa daga ƙasa, a cire rufi, a kai shi ga haske tun da safe. Tsiron da ya yi kwana biyu ko uku a duhu yakan miƙe dogo siriri, fari fat, ya faɗi da kansa, kuma ba ya gyaruwa.

Ga mai bukatar dubban tsirrai, akwai rumfar leda. Ana lanƙwasa gora ko sandunan roba a kan bedi, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, a danne gefenta da ƙasa. Takan tare iskar hunturu, ta riƙe ɗumin da ƙasa ta sha da rana. Jarkoki baƙaƙe cike da ruwa da aka jera a ciki sukan ɗauki zafi da rana su sake shi da dare. Haɗarinta ɗaya ne: idan hantsi ya yi ba a buɗe bakinta ba, cikinta yakan zama tanda, aikin wata guda ya dahu cikin awa biyu. Rumfar leda tana bukatar mutumin da ke gida, mai buɗewa da safe ya rufe da la'asar.

Akwai kuma tsohuwar dabarar da masu lambun kewayen birnin Faris suka yi suna da ita a ƙarni na 19, tun kafin lantarki ya shiga gona. Sukan jibge ɗanyen kashin doki a ƙarƙashin bedi, zafin ruɓewarsa ya ɗumama ƙasar da ke sama. A kudancin Kaduna, inda kashin shanu da na kaji ba su da wuyar samu, ana iya haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ɗanyen taki haɗe da ciyawa, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa mai laushi kimanin taƙi ɗaya. Sai a jira kamar mako guda zafin farko ya lafa kafin a yi yafi. Wanda ya tura hannu a cikin jujin taki da sassafe ya san irin ɗumin da ake magana a kai.

Ban ruwa kuwa da safe ake yin sa, bayan rana ta fito, da ruwan da ba shi da sanyin randa, kuma kaɗan. Yawan ruwa a cikin sanyi shi ke kawo cutar da ke cin gindin tsiro, a wayi gari a ga layi guda ya kwanta kamar an yanke shi da reza. Maganinta tun kafin shuka ne: a gauraya ƙasa da ruɓaɓɓen taki da yashi ko ƙonannen buntun shinkafa, a turara ta a rabin ganga ko a ƙona kara a kan bedin, a kuma guji yin yafi da cunkoso. Hankali ma ya nuna kada a ɗebo ƙasar reno daga gonar da citta ta ruɓe, ko inda tumatir da gauta suka yi ciwo.

Abokan gaba na ƙarshe ƙanana ne ƙwarai. Darɓa da farin ƙuda suna tsotsar ganye, suna ɗauke da cututtukan da ke murɗe shi su tsumburar da shuka. Tsiron da ya kamu tun yana reno ba zai yi 'ya'yan kirki ba komai takin da aka zuba masa. Raga mai ƙananan ido da aka lulluɓa a kan bedi ta fi feshi arha, ta kuma fi shi aminci ga yaran da ke wasa a tsakar gida.

Daga reno zuwa gona

Bayan makonni 6 zuwa 8, idan tsiro ya yi ganye na gaskiya 4 zuwa 6, ya kusa dashe. Kafin nan sai an horar da shi na mako guda ko kwana 10: a rage masa ruwa, a riƙa janye inuwa da leda a hankali har ya saba da rana da iska. A yi dashen da yamma, a kan kunya mai tudu, domin attarugu ba ya jure kwanciyar ruwa, kuma ruwan Agusta a wannan yanki ba wasa ba ne. Shukar da ta riga ta kafa saiwa tun Afrilu ta fi jure shi.

Lissafin kwanaki a bayyane yake. Wanda ke da fadama ko rijiya, idan ya shuka bayan Afan, zai yi dashe a farkon Maris, ya fara tsinka wajen Yuni, tunda attarugu yakan ɗauki kimanin watanni 3 daga dashe zuwa nuna. Wanda ya dogara da ruwan sama zai shuka a Fabrairu, ya dasa da ruwan Afrilu, kusa da lokacin da mutanen Kwoi ke bikin Tuk Ham, ya shiga kasuwa a Yuli. Wanda ya jira damina ta sauka kafin ya yi yafi kuwa, zai kai kayansa a lokacin da kowa ya kawo nasa, dillali ya yanka masa farashin da ya ga dama. Da sanyin safiya ake kama fara.

Akwai wata fa'ida da mutanen yankin suka fi kowa sanin darajarta. Shekaru da dama na hare-hare sun sa zuwa gona mai nisa ya zama abin fargaba a wasu ƙauyuka. Reno aikin bayan ɗaki ne. Fili kamar shimfiɗar tabarma biyu ko uku ya isa ya fitar da dubban tsirrai, kuma mace, tsoho ko ɗalibin da ke hutu zai iya kula da shi ba tare da ya bar gida ba. Wanda ba shi da gona ma zai iya sayar da tsiron ga masu ita, sana'a ce mai zaman kanta.

Abin da ya rage ga masu riƙe da fayil

Yawancin tallafin noma na gwamnati yana zuwa ne a buhu: taki, irin shinkafa, masara da alkama, kamar yadda aka gani a shirin noman rani da aka ƙaddamar a Jigawa a Nuwamban 2023. Hatsi shi ne ginshiƙi, babu musu. Amma tuwo ba ya shiga sai da miya, kuma kayan miya suna cikin abin da ya fi saurin cinye albashi. Bukatun mai renon attarugu ƙanana ne: ingantaccen iri, leda, raga, tire da malamin gona da zai zo a kan lokaci. Sharaɗin kawai shi ne su iso a Disamba. Kayan da aka amince da sayensu a Maris, aka raba a Yuni, sun zama tarihi.

Cibiyoyin da za su yi aikin suna nan. Akwai Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, wato NIHORT, mai hedikwata a Ibadan da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona da ta wayar da kan manoma, NAERLS, a Samaru ta Zariya. Tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Kaduna tana cikin Kafanchan ɗin kanta, hukumar bunƙasa noma ta jihar kuma tana da shiyya a Samaru Kataf. Hukumar Kula da Ingancin Iri ta Ƙasa ce ke da alhakin tabbatar da cewa abin da ke cikin fakiti shi ne abin da aka rubuta a bayansa, kuma NiMet tana fitar da hasashen saukar damina a farkon kowace shekara, wanda da shi manomi zai ƙirgo makonni 8 baya ya san ranar yafinsa. Abin da ake nema shi ne waɗannan hannaye su haɗu a kan bedi ɗaya: wurin reno na gwaji a kowace gunduma, a hannun ƙungiyoyin mata da matasa, da bayani a rediyo cikin Hausa, Tyap, Jju da Hyam tun kafin hunturu ya kama.

Da yawa daga cikin ma'aikatan da ke sakatariyar tarayya 'yan wannan yanki ne, kuma kowane Disamba sukan cika motoci zuwa gida da buhun shinkafa da atamfa. Fakitin iri mai kyau, yadi kaɗan na leda da raga ba za su cika ko aljihun jaka ba. Wanda ya miƙa su ga ƙanwarsa ko gwaggonsa, ya zauna da ita rabin awa a kan maganar ruwan safe da rufin dare, zai iya tarar da kwandon attarugu na jiran sa a tashar mota a watan Yuni, lokacin da maƙwabtansa ke cinikin ƙwaya huɗu.